Rejim ɗin ƴaƴan itace na kwana bakwai: me yake ragewa a jiki?

"Assalamu alaikum lokotoro. Ni mace ce mai shekara 38, ina zaune a Yamai, ƴaƴana huɗu. Nauyina kilo 88, tsawona mita 1 da santi 62, kuma ina shan maganin hawan jini. A wani zauren mata na WhatsApp aka turo mana rejim na kwana bakwai: da safe ruwan ɗumi da lemun tsami, sauran yini kankana da abarba da gwanda kawai, ba tuwo, ba shinkafa, ba nama. Sun ce yana narkar da kitsen ciki, yana wanke jini. Wata ƙawata ta yi, ta ce kilo biyar ta rage. Ni kuma gwiwoyina sun fara damuna. In yi ko kar in yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Tambayarki biyu ce a haɗe: shin cin ƴaƴan itace zalla na mako guda yana rage ƙiba da gaske, sannan ke da kike shan maganin tansiyo, zai yi miki illa ko ba zai yi ba. Amsata ita ce kar ki yi. Niyyarki ta rage nauyi daidai take, domin idan aka raba kilo 88 da tsawonki sau tsawonki ana samun kusan 33 da rabi, alhali daga 30 ake kiran abin ƙiba mai bukatar kulawa. Ga hawan jini, ga gwiwa. Hanyar da aka turo muku ce ba ta kai mutum inda yake son zuwa.

Wannan rejim tsoho ne, riga kawai yake sakewa. Tun shekarun 1930 aka yi yayin na pampilimus a Amurka, wato babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, ana cewa yana ƙona kitse. A 1981 wani ya fito a can wanda kwana gomansa na farko ƴaƴan itace ne zalla, masana lafiya suka yi ta gargaɗi a kansa. A 2008 na ayaba da safe ya kama Japan har ayaba ta yi wuya a kantuna. Yau kuma waya ce take kawo mana shi da kankana da abarba.

Ina kilo biyar ɗin suka fito?

Ban ce ƙawarki ƙarya ta yi ba. Yana yiwuwa sikeli ya nuna mata hakan. Amma sikeli ba ya bambance kitse da ruwa da tsoka da abin da ke cikin hanji, jimla yake bayarwa.

Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. Kilo biyar ke nan kalori 38,500. Mace mai jikinki, mai aikin gida da ɗan kai da komo, tana ƙona abin da bai wuce 2,000 zuwa 2,300 ba a yini, wato kusan 15,000 a mako. Ko da ruwa kaɗai ta sha kwana bakwai, kitsen da zai tafi ba zai haura kilo biyu ba. Mai wannan rejim kuwa tana ci. A ce ta ci kilo ɗaya na kankana, rabin kilo na abarba, rabin kilo na gwanda, ta samu kalori wajen 750. Giɓin da ya rage a mako, in an yi sa'a, kilo ɗaya ne da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ba duka ne kitse ba.

Sauran ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da abinci ya yi ƙaranci, wannan ajiya ake fara taɓawa, ruwan da take riƙe da shi ya bi fitsari. Nan kaɗai ana iya rasa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Sannan an bar miya, an bar gishiri da magi, jiki ya sake sakin wani ruwan. Hanji ma ya yi sauƙi, ga gwanda da abarba suna saka cikin wasu ya tsinke. Ranar da aka koma tuwo da shinkafa, ajiyar sukarin takan cika cikin kwana biyu ko uku, ruwa ya dawo mazauninsa, sikeli ya koma kusa da inda yake. Ki tambayi ƙawarki nauyinta bayan wata guda da gama rejim, wannan adadin ne abin dubawa.

Maganar narkar da kitse da wanke jini

Babu ɗan itacen da ke narkar da kitse. A cikin abarba akwai wani sinadari mai suna buromelan, a gwanda akwai fafayin, su ne suke sa nama ya yi laushi in an jiƙa shi da su, su ne kuma suke sa harshe zafi in an ci abarba da yawa. Aikinsu kan furotin ne, wato abinci mai gina jiki irin nama, a cikin kwano ko a cikin ciki. Ba sa bin jini su je su narkar da teɓa. Lemun tsami kuma, tsaminsa bai kai na ruwan da tumbi yake fitarwa da kansa ba, kuma ɗumin ruwan da aka sha ba ya kaiwa ga kitsen da ke ƙarƙashin fata. Abin da lemun tsami yake ci da gaske shi ne farin rufin haƙori, idan ana kurɓarsa kullum, musamman in aka goge baki nan take bayansa. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kuwa ta san abin da yake yi mata in ciki ba kowa.

Haka nan ba a zaɓar wurin da kitse zai fara raguwa. Jiki ne yake ɗiba daga ko'ina bisa ga halittar mutum.

Wanke jini aikin hanta da ƙoda ne, dare da rana suke yinsa. Idan lafiyarsu lau, ba sa jiran kankana. Idan sun samu matsala, asibiti ake zuwa, kuma a wannan hali yawan ƴaƴan itace ma yana iya zama haɗari, kamar yadda zan zo kansa.

Abin da jiki yake rasawa

Nan ne damuwata ta fi yawa. Babban mutum yana bukatar furotin, wato abinci mai gina jiki, kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa. Ke ke nan giram 60 zuwa 70 a yini. Wancan kilo biyu na kankana da abarba da gwanda da muka lissafa, furotin ɗin da ke cikinsu bai wuce giram 11 ba. Kafin ki samu giram 60 daga kankana sai kin ci kilo goma. Jiki ba shi da rumbun ajiyar furotin. In bai samu a abinci ba, tsokarsa yake warwarewa ya ciyar da jini da hanta da garkuwar jiki. Kamar mai gida ne da itacen girki ya ƙare masa ya shiga zare azarar ɗakinsa yana hura wuta.

Ga mai ciwon gwiwa wannan asara ce babba, domin tsokar cinya ce take tallafe gwiwa. In ta rame, ciwon ƙaruwa yake. Sannan tsoka tana ƙona abinci ko mutum na zaune, raguwarta na nufin jiki zai riƙa ƙona ƙasa da yadda ya saba. An ga wannan ƙarara a gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a jami'ar Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Maza 36 aka rage wa abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙonawar jikinsu a lokacin hutu ta sauka da kusan kashi 40 cikin ɗari, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa, kitse ya riga tsoka dawowa. Mako guda bai kai nan ba, amma su waye suke tsayawa a mako guda? Abin da muke gani wurin masu zuwa neman shawara shi ne a yi, nauyi ya dawo, a sake yi, sau uku sau huɗu a shekara. Kowane zagaye tsoka na iya raguwa, kitse ya maye gurbinta.

Ban da furotin, ƴaƴan itace ba su da bitamin B12 sam, sai a nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kaɗan ne a cikinsu, ga shi kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini tun kafin wani rejim. Babu isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi. Babu maiƙo kuma, kuma rashinsa kwata-kwata yana da nasa sharri: matsarmama ba ta matsewa ta zubar da ruwanta sai an ci abu mai ɗan mai, in ruwan ya daɗe kwance sai tsakuwa ta fara haɗuwa. Saurin ramewa, sama da kilo ɗaya da rabi a mako na tsawon makonni, sananniyar hanya ce ta kamuwa da tsakuwar matsarmama, kuma mata masu ƙiba da suka haihu su suka fi kusa da ita.

Sukari kuwa akwai shi. Wancan kilo biyu yana ɗauke da giram wajen 150. Ga mai lafiya da ta ci ɗan itace tare da sauran abinci ba matsala. Amma a ci shi zalla, ba wake ba nono da za su rage masa gudu, sai sukarin jini ya hau ya sauko, yunwa ta dawo bayan awa ɗaya ko biyu. In aka matse aka tace ya zama ruwa, an zubar da zare da tsakin da ke sa ƙoshi, an bar zaƙin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafa ruwan ƴaƴan itace cikin sukarin da ake so a taƙaita.

Ke da maganin tansiyo

An auna miki maganin ne bisa yadda kike ci da sha a kullum. In kika yanke abinci da gishiri rana ɗaya, ruwan jiki ya ragu, maganin kuma yana nan yana aikinsa, jini na iya sauka fiye da kima. Alamarsa jiri in an miƙe tsaye, duhu-duhu a ido, bugun zuciya, wani lokaci faɗuwa. A zafin Yamai na watan Afrilu da Mayu, da ake haura digiri 40, gumi ma yana ɗibar nasa. Abin ya fi tsanani ga mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, irin su hidrokulorotiyazid da furosemid.

Akwai wani rukunin, irin su kaftofiril da enalafiril da sifironolakton, da ke sa jiki riƙe sinadarin fotasiyom. Ayaba da lemu da dabino da kankana in an ci da yawa duk suna kawo shi. In ƙoda na aiki sosai takan fitar da rarar. In hawan jini ya riga ya taɓa ta, abin da kan faru shiru ba tare da wata alama ba, fotasiyom na iya taruwa ya rikita bugun zuciya. Sai kuma pampilimus. Tun 1989 masu bincike a Kanada suka gano yana hana hanji sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da yadda aka rubuta. Nifedifin na cikinsu, da felodifin, da maganin kitsen jini simbastatin. Kofi ɗaya na iya yin tasirin da zai wuce yini.

Ba ki faɗi sunan maganinki ba, kuma daga nan ba zan iya auna jininki ko ƙodarki ba. Wannan sai wanda ya rubuta miki ordonans. Abin da ba na so shi ne ki ajiye maganin da kanki don kin ga awo ya sauka kwana biyu.

Akwai waɗanda ban yarda su kusanci irin wannan rejim ba ko na kwana ɗaya: mai ciki, mai shayarwa da ke bukatar ƙarin kalori wajen 500 a yini, mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamid, mai ciwon ƙoda, ƴan mata masu tasowa, da tsofaffi.

Sau da yawa kuma bayan saƙon rejim sai tallar shayin rage ƙiba ta biyo. Ki yi nesa da shi. Yawancinsu maganin zawo ne irin dangin filasko, ko mai sa fitsari. An sha kama wasu a ƙasashe daban-daban da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Ga mai hawan jini guba ne.

To me za ki yi?

Ki sa wa kanki burin rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki a wata shida, wato kilo huɗu da rabi zuwa tara, ba fiye da rabin kilo a mako ba. Na san a ido kaɗan ne. Amma wannan kaɗan ɗin yana sauke hawan jini, yana sauƙaƙa wa gwiwa, domin kowane kilo da ya ragu yana ɗauke mata nauyi kusan ninki huɗu a kowane taku. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Rabin kilo a mako yana bukatar rage kalori wajen 500 a yini, kuma a yawancin gidajenmu ana samunsu ba tare da an taɓa tuwo ba. Babban cokali ɗaya na mai, na gujiya ne ko na ja, kalori 120 ne. Dubi miyar da mai yake kwance a samanta har ana ganin fuska, ko shinkafa da wake da ake kwarara wa soyayyen mai da ludayi. Ki riƙa auna mai da cokali kafin ya shiga tukunya, kar ki zuba daga bakin bido. Cokali biyu da suka fita daga rabonki, 240 ke nan. Kwalbar lemu mai santilita 33 tana da sukari wajen giram 35, kalori 140. Bisap da ruwan citta na leda ba su fi ta sauƙi ba in an cika musu sukari. Sai ƙwayoyin sukari na shayi da koko da fura, kowace ɗaya kalori 20 ko sama da haka. In kika cire shida, lissafi ya cika. Fanke da masa da burodi mai mayonez na safe su koma na jefi-jefi.

Ki ɗebi abincinki a farantinki ke kaɗai, domin a babban tire ba wanda ya san iya abin da ya ci. Rabin farantin ganye da kayan lambu: kopto na zogale da ɗan ƙuli-ƙuli ba tare da an tsuga masa mai ba, kabeji, yalo, kuɓewa, rama, salati, tumatir. A lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, da kayan lambunan bakin kogi suke cika kasuwa, wannan ba ya cin kuɗi. Kashi ɗaya cikin huɗu tuwon hatsi ko shinkafa ko dambu, kamar dunƙulen hannunki. Ɗaya kashin kuma mai gina jiki. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin, kofin nono giram 8, nama ko kifi dafaffe mai faɗin tafin hannu wajen giram 25, wake busasshe giram 100 yana ba da wajen 23. Ƙwai biyu da safe, wake da rana, kifi da dare da kofin nono, kin kai inda ake so. Fura da nono abinci ce mai kyau, matsalar sukarin da ake zuba mata ne da girman kwanon. Gishiri kuma, duka-duka kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi.

Ƴaƴan itace suna da wurinsu a nan, ina ma ƙarfafa ki a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a yini. Ki ci sau biyu ko uku, a tauna, kar a matse: lemu ɗaya, ko yanka biyu na kankana, ko gwaiba, a maimakon biskit da lemun kwalba. Ki lura da lokacin mangwaro. Matsakaici ɗaya kalori wajen 120 ne, wadda ta zauna da roba ta shanye biyar bayan ta ci abincin rana ta ƙara wani abincin ne cur. Dabino ya fi su nauyi, kalori kusan 280 a giram 100, uku sun isa buɗa baki. Kankanar da aka yanka aka shanya a tire bakin hanya, rana na dukanta ƙuda na bi, ki bar ta. Ki sayi guda, ki wanke bayanta kafin wuƙa ta shiga.

Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, bayan asuba ko dab da magariba da rana ta yi sanyi, da takalmi mai taushin ƙasa. In gwiwa ta ƙi, ki raba ta minti goma-goma. Ki haɗa da motsin ƙarfafa cinya: ki zauna a kujera, ki miƙe ƙafa ɗaya ki riƙe ta daƙiƙa biyar, ki sauke, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, sikeli guda. Ki riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Ga mace, sama da santi 88 alama ce ta kitsen ciki mai haɗari, kuma wani lokaci tef yakan nuna ci gaba tun sikeli bai motsa ba.

Kafin ki fara, ki je wurin lokotoronki da kwalin maganin a hannu. Ki nemi a auna jini, a yi analiz na sukari kafin karin kumallo, da na ƙoda, da na yawan jini. Ki gaya masa duk abin da kike sha. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi. Ƙwayoyi irin su deksametazon, da wasu ke saya don ciwon gaɓoɓi ko don neman jiki, suna kumbura fuska da ciki, suna hawar da jini da sukari, kuma wadda ta daɗe tana sha ba ta yanke su rana ɗaya, a hankali ake janye su ƙarƙashin kulawa. Yayin da nauyi yake sauka, ki riƙa awon tansiyo duk mako biyu, don wataƙila a bukaci rage miki magani.

Idan kuma kin riga kin fara rejim ɗin kafin wannan amsa ta iso ki, ki dakata yau. Ki soma da abu mai sauƙi, kunu da nono ko shinkafa da ɗan kifi, ki sha ruwa sosai. In kin ji jiri mai tsanani, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ciwo mai zafi a saman ciki ta hannun dama, kar ki jira gari ya waye, a kai ki asibiti. Allah ya ba ki lafiya, Hajiya.